Tumbina na zarga, ashe gadon Baba ne

Shekarata 41 lokacin da aka fara auna min kitsen jini, kuma ba da son raina ba. Ciwon kai ne ya addabe ni wajen mako biyu, na shiga kemis ɗin unguwarmu a Tudun Wadan Zariya in sayi magani, yaron kemis ya ce bari ya duba jinina tukuna. Ya auna, ya sake aunawa, sai ya ajiye abin awon ya ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfin kemis." Washegari uwargida ta tasa ni gaba har bakin titi, ta tsaya sai da ta ji abin da na ce wa mai Keke Napep, don ta san in ta bar ni da kaina makaranta zan wuce.

A asibiti nas ta ɗora ni kan sikeli: kilo 104. Tsayi mita 1.72. Ta zagaya tef a cibiyata, santimita 116, ta rubuta ba ta ce komai ba, amma na ga yadda ta ɗaga gira. A ofishin malamai tun tuni ake kirana Alhaji alhali ban taɓa taka Makka ba, saboda tumbin nan kawai, ni kuma ina amsawa da fara'a. A wajenmu ai tumbi shaidar hutu ce. Sau nawa aka shafa shi aka ce min, "Malam, uwargida ta iya kiwo."

Likita ya rubuta min maganin hawan jini da jerin gwaje-gwaje: suga, ƙoda, hanta, da kitsen jini. Ya ce kada in ci komai bayan ƙarfe tara na dare, in zo da safe cikina wayam. Na zo kuwa da sassafe, na bi layi sama da awa guda, da na zauna mai ɗibar jini ya ɗaure min dantse ya tambaya, "Ka ci wani abu yau?" Na ce a'a, shayi kawai na sha. Ya ce da madara? Na ce da madara da sukari. Ya kwance igiyar ya ce, "To sai gobe, Malam." Ni a lissafina shayi ba abinci ba ne. Ruwa tsagwaronsa ne kawai aka yarda da shi, domin ɗaya daga cikin abubuwan da za a auna yana tashi sama da zarar an ci wani abu mai maiƙo ko zaƙi.

Da takardar sakamako ta fito, layi huɗu ne suka shafi kitse, duk a ma'aunin mmol/L. Jimillar kolestarol, wani nau'in kitsen jini, 9.0, alhali ana so kada ta wuce 5.2. Sai LDL, wanda ake ce wa mugun kitse saboda shi ke maƙalewa a bangon jijiyoyin jini har su cushe: 6.6. Sai HDL, mai kwashe kolestarol ya mayar hanta, wanda ake son ya yi yawa: nawa 0.9, ya yi ƙasa. Na ƙarshe maiƙon da suke rubutawa TG, wanda ya kamata ya tsaya ƙasa da 1.7: nawa 3.3. Wani ya bi layukan nan huɗu da jan biro ya zagaye su duka.

Likitan, matashi ne, ga layi har waje, ya ce in fara shan maganin rage kolestarol a ranar. Ni na ƙi. Na taɓa ji a majalisa cewa maganin nan in ka fara ba ka dainawa, kuma yana cinye ƙoda. Na ce, "Likita, ai ga dalilin nan a gabana," na dafa tumbina. "Ka ba ni wata uku in sauke shi." Ya kalle ni irin kallon wanda ya sha jin wannan magana, ya ce to, amma wata uku, kada in ƙara. Na yi wata biyar.

Ba zan ɓoye ba, na yi ƙoƙari. Mai tsiren bakin layinmu har aikowa ya yi a tambayi ko laifi ya yi min. Na bar balangu, na bar ganda, na bar lemon kwalba da nake korawa da shi bayan azahar. Shayi ya koma ba madarar gwangwani, sukari daga cokali uku zuwa rabi. Man shanun da nake malalawa a kan tuwo har ya yi tafki, uwargida ta ɓoye kwalbar. Man miya kuwa da cokali ta koma aunawa, tana mita, wai miyar kuka ba mai ai horo ce. Kullum bayan sallar asuba in yi tafiyar minti arba'in da sauri kafin rana ta ɗaga. Wahalar yunwa ba ta kai wahalar bakin mutane ba. Riguna suka fara yi min yawa, sai aka fara ja na gefe: "Malam, lafiya kuwa? Ko suga ce?" Wata gwaggona ta kira uwargida a waya ta tambaye ta ko albashi ne ba a biya ba.

Na koma da kilo 92. Kilo 12 cif na zubar. Na miƙa hannu aka ɗebi jini ina ta fara'a kamar ɗalibin da ya san ya ci jarrabawa. TG ya sauko daga 3.3 zuwa 1.5. HDL ya hau zuwa 1.1. Hawan jini ya lafa. LDL kuwa, daga 6.6 ya koma 6.1.

Na daɗe zaune a bencin nan ina kallon wannan lamba. Wata biyar ba tsire, a ce abin da na samu ke nan? Har na fara zargin ko sun haɗa jinina da na wani. Likitan bai yi min gori ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Malam, wannan lambar ba ta cin abinci ba ce," ya rubuta min takarda zuwa sashen masu ciwon zuciya.

A can wata likita ce dattijuwa, mai magana a hankali. Ta jera takardun biyu gefe da gefe ta daɗe tana dubawa. Na shirya jin huɗubar ƙiba, sai na ji ta ce, "Malam, mahaifinka yana raye?"

Na ce ya rasu ina aji uku a sakandare.

"Yana da shekara nawa?"

"52."

"Jinya ya yi?"

Bai yi jinya ba. Daga masallaci ya dawo bayan asuba, ya zauna a zaure ya ce ƙirjinsa ya riƙe, gumi na zuba, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Watanni kafin nan yakan ce ƙirji na masa zafi in ya hau keke, ana ta ba shi maganin olsa. Ta ce yana da ƙiba? Na yi dariya. Baba tela ne, siriri kamar sillen kara, bai taɓa ajiye ko ɗan ciki ba. Ta tambayi 'yan'uwansa. Sai a lokacin na tuna Baffa ƙaninsa, wanda aka tsinta a gona yana da 49, aka ce iska ce ta buge shi. Ta ɗauki farar takarda ta fara zana akwatuna da da'irori tana haɗa su da layi, namiji akwati, mace da'ira, wanda ya rasu ta ja masa layi a kai. Ni da nake koyar da aikin gona, na yi shekara goma sha biyar ina zana wa ɗalibai irin wannan zane a allo, ina ba su labarin Gregor Mendel da waken da ya yi ta aurarwa a lambu har ya fitar da bincikensa a 1866, ban taɓa tunanin in zana na gidanmu ba.

Daga nan ta ce in cire takalmi in durƙusa a kan kujera, ƙafafuna a waje. Ta kama agarata da yatsu biyu tana murzawa daga dunduniya zuwa sama, ta tsaya a wani wuri ta ce in kawo hannu in taɓa. Wani ƙullutu ne mai tauri, kamar ƙwallon dabino a cikin jijiyar, a ƙafar dama ya fi girma. Na san da shi shekara da shekaru, na ɗauka takalmi ne ya jawo. Ta ce kolestarol ne ya taru a wurin, kuma ƙiba ba ta yin wannan. Ta haska idona da 'yar fitila tana neman farin zobe a gefen baƙin ido, ta buɗe tafin hannuna tana duba layukan ko sun yi rawaya. Sannan ta ƙara rubuta gwajin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don in ta yi sanyi takan ɗaga kolestarol, da gwajin fitsari don ganin ko ƙoda na zubar da furotin. Ta kuma tambaye ni ko ina shan wasu ƙwayoyi, ta ambaci irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da mata ke sha don su yi jiki. Na ce Likita, ni da nake neman hanyar rage wanda nake da shi. Duk gwaje-gwajen nan suka fito lafiya lau.

Ranar da na koma ta nuna min wani jadawalin maki da likitocin Holan suka tsara. LDL tsakanin 6.5 da 8.4 maki biyar, ƙullutun agara maki shida, ɗan'uwa na jini da ciwon zuciya ya kama da wuri maki ɗaya. Wanda ya haura takwas, an tabbatar. Ko ba a sa Baba a lissafi ba na haura. Sunan abin a taƙaice FH, wato yawan kolestarol na gado.

Bayanin da ta yi min, da wanda na bi na karanto daga baya, shi ne ya warware min ɗaurin kan da na shiga a bencin nan. Ashe matsala biyu ce a jinina, kowacce da tushenta, ni kuma na haɗa su na ɗora wa tumbi.

Ta farko ita ce ta LDL. Mafi yawan kolestarol da ke jikin mutum ba daga kwano yake fitowa ba, jiki ne da kansa ke haɗawa, hanta ce kan gaba. Ita dai hantar kuma tana da wasu 'yan ƙugiyoyi a bayanta masu cafko LDL daga jini su shigar da shi ciki. Wasu likitoci biyu a birnin Dallas na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su suka gano ƙugiyoyin nan a shekarun 1970, suka ci kyautar Nobel a 1985. Ƙwayar gadon da ke ƙera ƙugiyar ana ce mata LDLR, kowa kuma kwafi biyu yake da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In kwafi ɗaya ya zo da tangarɗa, kusan rabin ƙugiyoyin ne ke aiki, sai LDL ya yi ta gararamba a jini ya ninka na sauran mutane, tun daga ranar haihuwa. Akwai wasu ƙwayoyin gado biyu, APOB da PCSK9, da kan jawo irin haka, amma LDLR ta fi yawa. Kusan mutum ɗaya cikin 250 a duniya yana ɗauke da wannan, mafi yawansu kuma ba su sani ba. Mai shi ko da zogale zai rayu a kai, lambar ba za ta sauko inda ake so ba. Kowane ɗa da ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira.

Ta biyu, ta TG, ita ce inda ƙiba ke da hannu dumu-dumu, kuma a nan ne abin ya fi burge ni a matsayina na malamin gona. Kitsen da ke jibge a ciki ba a kwance yake ba kamar buhu a sito. Kullum yana tsiyayar da maiƙo zuwa hanta, hanta ta ɗure shi ta turo cikin jini, wani sinadari mai suna LPL da ke jikin bangon jijiyoyi ya bi yana kwashewa. Ga sukari da lemon kwalba da farar shinkafa, duk rarar da jiki bai ƙona ba hanta na iya juya ta ta zama maiƙo. To amma ba kowa ne mai kwasar tasa ke da ƙarfi ɗaya ba. Akwai ƙananan bambance-bambance a ƙwayoyin gado irin su LPL ɗin da APOA5 da GCKR, kowanne shi kaɗai ba ya wani tasiri, in sun taru a mutum ɗaya sai su yi nauyi. Mutum siriri zai iya ɗauke da su har ya tsufa ba a ga komai ba, don kayan da ake turowa kaɗan ne. Da zarar ya yi ƙiba, kaya suka yi wa mai kwasa yawa, sai abin ya bayyana. Irin masara ɗaya ne, ka shuka a tudu ka shuka a fadama, ka ga bambanci; ka kuma shuka iri biyu a fadama ɗaya, nan ma ka ga bambanci. Duban tafin hannu da likitar ta yi min ma a wannan babin yake. Akwai wata ƙwayar gado APOE, kusan mutum ɗaya cikin ɗari na da kwafi biyu na nau'inta da ake kira E2. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, sai in ƙiba ko ciwon suga sun shigo, sannan kolestarol da TG su tashi tare, layukan tafin hannu su yi rawaya. Nawa tafin fes yake.

Wato kilo 12 ɗin nan ba a banza na zubar ba, sun yi aikinsu a inda suke da iko. Inda ba su da iko kuwa, ko na koma kamar Baba lambar tana nan.

Likita ta ce aikin da ya rage ba nawa ba ne ni kaɗai, a gwada duk wanda muka haɗa uba, da 'ya'yana. Wannan ya fi barin tsire wuya.

Na fara da Inna, don ba a yin komai a gidanmu ba da saninta ba. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma tambayar lafiyata kai tsaye, sai dai ta tambayi jikokinta. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na kwashe bayani kaf. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, "To yanzu kai so kake ka ce ba kwanansa ne ya ƙare ba?" Na ce, "A'a Inna, kwana ya ƙare, amma ai kowane ajali da sababinsa." Ba ta amsa ba. Da na tashi tafiya sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka tafi da autan. Shi ma yana cewa ƙirjinsa in ya hau bene."

Autan namu shekararsa 29, kilo 61, ɗan ƙwallo, shi ne kan gaba wajen tsokanata da tumbi. Da na ce ya zo a gwada shi, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Haba Yaya, ni ina na ga kitsen da za a auna? Ai sai dai ka ranta min." Na biya kuɗin gwajin, na je da kaina na ɗauko shi a kan babur kafin ya karya. TG ɗinsa 0.9, tsaf. LDL 6.4. Ya karanta takardar, ya juya bayanta kamar zai ga wata amsa daban, ya ce, "Yaya, ba taka ce suka sake bugawa ba?"

Ƙanwata mai bi min kuwa ta fi ni jiki nesa ba kusa ba, ita ce kowa ya sa wa ido. LDL ɗinta 2.7, TG 1.2. Ta fito tana rangaɗa guɗa a harabar asibiti, wai a daina sa mata ido a kan abincinta. Sai dai likita ta rage mata murna, don sugarta ta fara hawa. Ta ce mutanen Afirka da jikokinsu sau da yawa TG ɗinsu kan zauna ƙasa ko da suna da ƙiba, ko da suga ta fara ɓaci, saɓanin yadda aka saba gani a Turawa, don haka kyan wannan lamba a wurin baƙar fata ba shaidar an tsira ba ce. Cikin mu shida da muka haɗa uba, biyar suka yarda aka gwada, uku muna da shi. Na shidan ya ce shi ba ya neman ciwo da kuɗinsa, har yau ina binsa.

Wani abu ya taso da ban zata ba. An riga an yi maganar auren auta da 'yar Baffa, wancan da aka tsinta a gona. Da likita ta ji, sai ta ajiye biro. Ta ce in miji da mata duka suna ɗauke da shi, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ɗan ya gaji kwafi biyu masu tangarɗa, kuma wannan wani ciwo ne daban: LDL kan haura 13, jijiyoyin zuciya su fara toshewa tun yaro bai balaga ba. Na rasa ta inda zan ɓullo wa dangi da wannan, sai na tuna gwajin sikila da yanzu kowa ya saba da shi kafin aure. Da wannan na shiga. Na ce gwaji ne irin na jinotayif, jini kaɗan za a ɗiba. Aka gwada yarinyar, nata 2.4. An sha biki bayan ƙaramar salla.

Ni kuma na haƙura na karɓi maganin da na guje wa wata biyar. Atorvastatin, ƙwaya ɗaya kullum. Yana rage wa hanta haɗa kolestarol, ita kuma da ta ji ƙaranci sai ta ƙara fito da ƙugiyoyi ta kwaso daga jini, wato kwafin nan nawa mai lafiya ake sa wa ya ƙara himma. Asalin wannan jinsin magani daga fumfuna ne, wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya fara tato shi a shekarun 1970. Na faɗa wa ɗalibaina wannan ranar da muke darasin fumfunar hatsi, ba su yarda ba. Batun cin ƙoda da na ji a majalisa, na tambayi likitar, ta ce ba haka ba ne. Abin da wasu ke kuka da shi ciwon tsoka ne, in na ji in dawo a canza, kada in daina da kaina. Ta kuma ja kunnen ƙanwata ta uku, wadda ita ma aka samu, cewa in tana shirin ɗaukar ciki ta zo a yi magana tukuna, don ba a saba ba mai ciki wannan magani ba. Maganar cewa in ka fara ba ka dainawa, wannan kam gaskiya ce, majalisa ba ta yi ƙarya ba. Bayan wata uku LDL ɗina ya dawo 3.1. Ta ƙara min wata ƙwaya, ezetimibe, mai tare kolestarol a hanji, ya sake sauka zuwa 2.4.

Na tambaye ta ko za a iya duba ƙwayar gadon kanta a ga inda tangarɗar take. Ta ce ana yi, amma sai an tura jinin waje, kuɗin kuma ya fi albashina na wata, kuma ko an yi maganin da nake sha ba zai canza ba. Na bar shi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda aka yi binciken ƙwayoyin gado mafi yawa a kan Turawa, 'yan Afirka ba su kai ko kashi biyar cikin ɗari na waɗanda aka bincika ba, alhali mu muka fi kowa bambancin ƙwayoyin gado a duniya. Kuma in an duba ana samun abin mamaki. A 2005 Helen Hobbs da Jonathan Cohen, su ma a Dallas, sun gano cewa kusan biyu cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka suna da wani canji a PCSK9 da ke sa LDL ɗinsu ya zauna ƙasa tun haihuwa. A binciken da ya biyo baya a 2006 aka ga haɗarin ciwon zuciyarsu ya ragu da kashi 88 cikin ɗari. Wannan ne ya buɗe hanyar allurar rage kolestarol da aka fara amfani da ita a 2015, wadda mu nan sai dai mu ji labarinta saboda tsada. Ƙwayar gado guda, a wani gida ta zama garkuwa, a wani ta zama masifa, ya danganta da gefen da canjin ya karkata. An dai yi wani aikin bincike mai suna AWI-Gen da ya bibiyi dubban mutane a Nanoro ta Burkina Faso da Navrongo ta Ghana da Kenya da Afirka ta Kudu a kan irin waɗannan tambayoyi na ƙiba da kitsen jini.

Nauyina yanzu yana yawo tsakanin 90 da 93. Da azumi ya zo na yi sakaci da ƙosai da fanke da kunun gyaɗa mai sukari, na ƙara kilo uku, TG ya koma 2.1 nan take, LDL kuwa bai ko motsa ba tunda ina shan magani. Yanzu na san wace lamba ce ke jin maganar cokali, wacce ce ke jin ta ƙwaya. Tsire nakan ci tsinke biyu ranar Juma'a, na ce wa mai tsiren ya daina sa min kitse a tsakani, ya ce to ai daɗin ke nan na cire.

Saura yara. Likita ta ce masu irin wannan gado akan fara ba su magani tun suna shekara 8 zuwa 10, don ɓarnar a hankali take taruwa tun ƙuruciya. Uwargida ta fi wata guda tana ja min rai, wai a bar mata yara su girma ba tare da an liƙa musu ciwo ba. Ban yi gardama ba, na dai ajiye zanen nan na akwatuna da da'irori a kan madubinta. Ranar wata Asabar da safe na fito zan tafi tafiyata, na tarar ta shirya manyan ukun, ta hana su karyawa.

Babban, mai shekara 14, wanda ya ɗauko jikina har ana ce masa ƙaramin Alhaji, nasa 2.5. Na ukun ma lafiya. Ta tsakiya ce, 'yar shekara 11, siririya mai idon Baba, wadda Inna ke cewa tela ya dawo: 5.4. An ba mu ranar ganin likitan yara, Talata ta sama. Da muka fito daga ɗakin ɗibar jini tana riƙe da audugar a gwiwar hannunta, ta ce, "Baba, yanzu zan iya cin masa?" Na tsaya wajen mai masar bakin ƙofar asibiti na saya musu ta ɗari biyar, na ce a rage man.